Baƙin Man Injin Inna

Injin markaɗen mahaifiyata, Inna, ya girmi duk ƙannena. Da shi ta ciyar da mu a Zangon Sokode. Tun hantsi mata ke jeruwa a ƙofar gidanmu da robobin tumatur da tattasai da waken ƙosai. Shekarar da ciwon gwiwa ya zaunar da ita, sai ta sa aka ɗaure injin a saman mota, aka kawo mini Dapaong inda nake aure.

Don murna na rasa irin gatan da zan yi masa. Da lokacin juyen mai ya yi, na shiga wani shago kusa da babbar kasuwa, na ce a ba ni baƙin mai mafi tsada. Mai shagon ya miƙo mini wanda ake zuba wa sababbin motoci. Ban faɗa masa abin da zan zuba wa ba, shi ma bai tambaya ba.

Kwana uku da zubawa, injin ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wata maƙwabciyata ta ɗauke robar tumaturinta, ta ce ba za ta ci miya mai warin gareji ba.

Na kira Inna a waya, na faɗa mata abin da ya faru.

"Tayar da shi, ki kara wayar kusa," in ji ta.

Na ja igiya, na kara mata. Ta ɗan saurara.

"Kashe. Ɗiga man a yatsa ki murza. Yaya kika ji shi?"

"Ruwa-ruwa, Inna. Amma fa mai tsada ne."

Ta yi dariya har da tari. "'Yar nan, wa ya ce miki tsada yake sha? Cikinsa ya cinye, ƙarafan sun yi sako-sako. Tsinkakken mai zurarewa yake ta tsakaninsu ya ƙone, balle a zafin garinku. Nemi mai kauri, mai lamba arba'in, wanda ba a fasa murfinsa ba. Kada ki sayi na kwalba a bakin titi. In za ki zuba, ki tsaya daidai zanen sandar awo."

"Na ɗauka na kashe miki shi."

"Ni ma na taɓa yi masa haka kina goye. Bai riƙe ni ba."

Washegari na juye man tun injin da ɗuminsa, na zuba mai kaurin. Hayaƙin bai ɗauke sarai ba, amma ƙarar ta kwanta. Na sake kiranta don ta ji.

"Yauwa," ta ce. "Kada ki kashe. Ajiye wayar a kan turmi ki ci gaba da aikinki. Tun da aka ɗauke shi gidan nan ya yi mini shiru."

Roba huɗu ta wake na markaɗa tana saurare. Da na ɗauki wayar, sai ta ce ta ukun ta so ƙarin ruwa.