Ranar da Inno Ba Ta Ga Jafaru a Talabijin Ba

Inno unguwarzoma ce a Tudun Wada, ko da yake ba da wannan take ci ba. Sana'arta daddawa, kuma har daga Kwangila ake aiko saye. Karɓar haihuwa wurin kakarta ta koya a cikin birni, kafin aure ya fito da ita. Mijinta Malam Nagoda tela ne, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Jafaru.

Jafaru ya taso da son wasan kwaikwayo. Inno ba ta so, amma ba ta hana ba. A shekarar 1984 aka ɗauki wasan ƙungiyarsu ta samarin unguwa a Kaduna, aka ce za a nuna ran sha biyu ga Maris bayan la'asar. Ba a taɓa ganin ɗan layin a talabijin ba. Duk layin kuwa mutum ɗaya ke da ita, Dozie mai shagon kayan lantarki. Ya fito da ita ƙofar shago, ya jera benci. Inno ta yi wanka ta ɗaura sabon zane, aka ba ta kujerar gaba.

An fara kiɗan buɗe shiri ke nan Dozie ya durƙusa gefenta.

"Mama, ki taimaka. Matata ce, Nneamaka. Faya ta fashe."

"Yanzu?"

"Yanzu, Mama. Ba za ta kai asibiti ba."

Inno ta miƙe ta bi shi ɗakin bayan shago. Tana riƙe da mai naƙuda tana jin shewa a waje: "Ga Jafaru! Ga Jafaru!" Aka samu mace, suka sa mata suna Nneoma. Ko da Inno ta wanke hannu ta fito, an tashi, ana kwashe benci. Ba a sake nuna wasan ba.

Jafaru ya yi kwanaki yana kumburi. "Inno, kowa ya gan ni ban da ke."

"Ni da nake ganin ka kullum a tsakar gida? Tashi ka ɗebo mini ruwa."

Ƙungiyar ba ta daɗe ba ta watse. Jafaru ya kama tuƙin mota, daga baya ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Nneamaka kuwa duk shekara in ranar haihuwar ta zagayo sai ta aiko yarinyar da turmin atamfa da sabulu. Nneoma ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a Hanwa, iyayenta suka koma garinsu, amma ba ta daina zuwa ba. Da idon Inno ya yi rauni sai ta bar karɓar haihuwa. Duk mai cikin da ta zo, sai ta ce, "Tafi wurin 'yata a asibiti, ki ce ni na aiko ki."

Ran sha biyu ga Maris na 2021 Nneoma ta sauka a ƙofar gidan da ledarta, ta tarar da tabarmi a shimfiɗe, maza sun yi jugum. Jafaru ya taso.

"Yaya Jafaru, lafiya?"

"Inno ce. Ɗazu da hantsi. Ta sha koko, ta ce za ta ɗan kishingiɗa."

Aka kai ta bayan azahar. A wurin zaman makoki tsofaffin layin suka yi ta mamakin yadda ranar ta zo ɗaya da ranar da Inno ta karɓi haihuwar Nneoma. Jafaru ya ce ita dai Inno ba ta taɓa sanin kwanan watan Bature ba. In ta ji sallamar Nneoma, ta san shekara ta cika.

Nneoma ta yafa mayafi ta zauna cikin mata tana karɓar gaisuwa tare da dangi. Atamfar ta miƙa wa tsohuwar da ta yi wa Inno wanka. Sai da aka yi sadakar uku ta koma bakin aiki.