Wuyan Goggo Tsveta

Shekara tara ke nan Tsvetana Gyurova tana rabon karta a gaban kyamara, a hawa na uku na wata tsohuwar masaƙa a gefen birnin Sofiya, kuma har yau ba ta taɓa ganin fuskar mutum ko ɗaya cikin waɗanda take raba wa ba. Tana zaune a teburinta, su suna can ƙasashensu da waya a hannu, sunayensu kawai ke fitowa a allon da ke gabanta. Wasan ashirin da ɗaya ne: kartarka ta fi ta mai rabo, ka ci, ka zarce ashirin da ɗaya, ka ƙone.

Ita ce babba a ɗakin. Sauran duk 'yan mata ne da samari masu neman kuɗin makaranta, shi ya sa kowa Goggo Tsveta yake kiranta, har shugaban ɗakin, Lyuben, wanda ta girme shi da shekara goma sha biyar. Aikin safe take yi, kuma tana son sa tsakani da Allah. Ta sayi banitsa mai zafi, wato wainar cuku, a tasha, ta ci a taragon jirgin ƙasa, ta zauna ƙarfe bakwai, ƙarfe uku tana gida tana yi wa mijinta Stoil faɗa a kan tumatirin da ya manta bai ba ruwa ba. Mace mai shekara hamsin da biyu, in ta rasa wannan kujera ba wani kamfani da zai sake ɗora ta gaban kyamara. Ta san da haka sarai.

Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: mai rabo ba ya ba da shawara, ko da baki ko da ido. Goggo kuwa ta san lissafin wasan fiye da masu dokar. Akwai jadawalin da masana suka fitar, wanda ya nuna inda ake ƙara karta da inda ake tsayawa, ta haddace shi kamar sunayen jikokinta. Kullum tana kallon mutane suna raba karta biyu masu goma-goma gida biyu, suna tsayawa a kan sha biyu don tsoro, ranta na ƙuna, bakinta na murmushi.

Mutum ɗaya ne ba ya ƙona mata rai. Sunansa a allo Torvald, wani dattijo daga ƙasashen arewa, yakan shigo bayan takwas da ɗan kuɗinsa ƙanƙani. Bai taɓa saɓa wa jadawali ba. Yakan rubuto gaisuwa, ya ce ruwa ake yi a garinsu, ta amsa masa da baki cewa a nan rana ce.

Wata Talata aka ba shi sha shida, ita kuma goma ce a buɗe a gabanta. Wannan shi ne hannu mafi muni a wasan, amma jadawali ya ce a ƙara. Ko me ya same shi a ranar, sai ya rubuto: "In ƙara?"

"Zaɓi naka ne, ranka ya daɗe," in ji Goggo, kamar yadda aka koya musu.

Baki ya bi doka, wuya kuwa ya yi gaban kansa. Mu a ƙasar nan in muna nufin eh, girgiza kai muke yi hagu da dama. Gyaɗa shi sama da ƙasa shi ne a'a. Haka kakanninmu suka bar mana, sauran duniya ce ta juya abin. Zuciyar Goggo ta ce ƙara mana, dattijo, sai kan ya ɗan girgiza. Torvald ya ga a'a irin ta garinsu, ya tsaya. Ta buɗe ɗayar kartarta, biyar. Ta ja, goma. Ta ƙone, ya ci.

Washegari Lyuben ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa, ya nuna mata hoton bidiyon wasan jiya sau uku.

"Goggo, masu sa ido na hedikwata ne suka turo, kuma ba mutanenmu ba ne. A wurinsu kin ce wa mutum kar ya ƙara, ya ji maganarki, ya ci kuɗin kamfani. Kora ce fa."

"To ai ni eh na ce."

"Haba Goggo! Wa ya tambaye ki? Eh ɗin ma ai shawara ce." Ya dafe goshi. "Ki ce wuyanki ne ya sage. Ki ce ƙuda ne. Ni zan rubuta, ke hannu kawai za ki sa."

"Ƙuda, a ɗakin da ko taga babu? Kai yaro, na yi tsufa da wannan ƙaryar."

Tsoro ya kama ta ƙwarai. Gaba kura, baya sayaki: ta ce a'a ne, ta ci amana, ta ce eh ne, ta karya doka. Sai ta karɓi biro ta rubuta da kanta cewa kanta ya motsa ba da izininta ba, abin da ya faɗa eh ne, kuma gaskiya ya faɗa, don jadawali ma haka ya ce. Sa'ar dattijon ce da bai iya yaren wuyanmu ba.

Kwana huɗu tana gida. Stoil ya yi ta tsokanarta, yana tambayar ko za ta sha kofi, in ta girgiza kai sai ya ce bai gane ba, na gida ne ko na waje? Ranar Litinin Lyuben ya bugo waya yana dariya. Wai a hedikwata sun nemo wani ɗan ƙasarmu, mutumin garin Plovdiv, a sashen na'ura, ya kalli hoton ya ce wannan ai eh ce tsagwaronta. An ba ta takardar gargaɗi, an kuma ɗora mata koya wa sababbi riƙe wuya duk ranar Juma'a. Kujerarta dai tana nan.

Ta dawo da safe, ta gyara zama, ta shafa tebur. Takwas da kwata sunan Torvald ya fito. Bai yi maganar ruwa ba. Rubutun ya zo a hankali, layi bayan layi, irin na mai bugawa da yatsa ɗaya.

"Na yi zaton kin tafi. Ranar nan na gode. Ba don cin ba. Tun da matata ta rasu ba wanda ya sake hana ni yin wani abu."

Goggo ta karanta har ƙarshe. Tausayinsa ya cika ta. Gaskiyar tana nan a bakinta, kalma uku ta isa ta gyara masa kuskuren, kuma ita ba mai barin kuskure ya kwana ba ce. Ta haɗiye gaskiyar. Ta ƙanƙame wuyanta da duk ƙarfinta, ta zaro karta ta ajiye a gabansa.

"Barka da zuwa, Malam Torvald," ta ce. "Ka ci abinci kuwa yau?"