Uchechi Mai Wankin Zanin Gado

Kwana goma sha tara na yi a wani otal a Sabon Garin Kano. A waya, hoton ɗakin kamar na amarya. Da na shiga, fanka sai kuka, famfo ba ruwa, silin kuma ya yi ciki daidai saitin gado. Ni Jawahir, da na taso tun daga Yola! Anko ne ya kawo ni, turmi ɗari biyu na atamfa iri ɗaya, na bikin 'yar Hajiya Falmata. Ita ce babbar kwastomata. In na ba ta kunya, rabin matan unguwarmu sun bar ni ke nan. Kullum in hau ɗan sahu zuwa Kantin Kwari, kullum a ce kaya na hanya.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai a otal ɗin. Komai ya lalace, amma zanin gadon fari tas, an goge shi sumul. Na bi sawu har bayan gini, na tarar da mai wankin. Uchechi sunanta, 'yar gajeriya, ta ba hamsin baya, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. A Sabon Gari aka haife ta. Shekara tara take wanki a nan, kuma wai daga zani take gane baƙo: mai turare, mai goro, mai cin tsire a kan gado.

"Ni fa?" na ce.

"Ke, Hajiya, ba kya barci. Zaninki a murɗe nake samunsa."

Kai, matar nan!

Ranar da kaya suka iso, na ɗauko turmi ɗaya na gwaji, ja da ruwan goro, na shimfiɗa a gado na fita neman motar lodi. Aka tsuge da ruwa. Na dawo da la'asar ina cika ina batsewa, don na san silin ɗin ya yi aikinsa. Sai ga Uchechi a bakin ƙofata, zanin gado a hannu, tsakiyarsa jawur.

Na buɗe baki zan fara masifa, ta riga ni.

"Hajiya, atamfarki tana zuba. Ɗigon ruwa kawai ya yi wannan, ina ga an sa sabulu?"

Na hango mata ɗari biyu bayan wankin farko, kowacce da sunana a bakinta.

"Ina kika san atamfa haka?"

Ashe uwarta, Madam Adaeze, rumfar atamfa gare ta a kasuwa, a nan Uchechi ta girma. Ba sa sayen turmi sai sun jiƙa gefensa sun murza a farin ƙyalle. Gobara ta cinye rumfar, uwar ba ta daɗe ba ta rasu. Tun daga nan Uchechi ba ta sake taka kasuwar yadi ba.

Washegari na roƙe ta ta raka ni Kwari. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ta yago gefen zanin da ya ɓaci ta sa a jaka. A shagon dillalin da ya sayar min da kayan ta jiƙa gefen atamfar, ta murza a ƙyallen, ta ɗaga masa ja a fuska. Ya so gardama, ta ce, "Alhaji, ƙyalle ne ya faɗa, ba ni ba." Shago huɗu muka shiga kafin farin ya fito fari.

A ɗan sahu, muna komawa, na ga tana shinshina hannunta. Ƙamshin sabuwar atamfa ne. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Haka Mama take ƙamshi," ta ce. "Da na ɗauka na manta."