Gaisuwar da ke cikin kwamfutar maigidana

Maigidana ya sayo kwamfutar ne a kasuwar Maigatari, wajen wani ɗan Damagaram mai sayar da tsofaffin rediyo. Irin ta tafi-da-gidanka ce, mai nauyi, wadda wani kamfani ya gama cin moriyarta. Haruffanta a jere suke irin na Faransanci, don haka ya yanka filasta ƙanana ya manna a kan maɓallan, ya rubuta namu da biro. Shi mai buga tafireta ne a sakatariyar Gumel. Ni kuwa daga firamare aka yi mini aure, amma ya zauna ya koya mini bugu har na fi shi sauri. Hedimastoci daga Gagarawa da Sule Tankarkar suna aiko mini da tambayoyin jarrabawa ina bugawa a ɗaki.

Akwai abu ɗaya da ya sa a cikinta don tsokana. Da an kunna, kafin komai ya fito, sai wani layi ya bayyana a baƙin gilashin: "Malama, an tashi lafiya?" Haka yake kirana tun ranar da na fara bugu ba tare da na kalli yatsuna ba.

Ya rasu da damina, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Na shiga takaba. Kowace safiya, in da wuta, nakan kunna ta ko babu aiki, in karanta layin, in amsa a hankali, in kashe.

A lokacin ne ofishin ilimi ya sami sababbin kwamfutoci masu sabon tsari. Faya-fayan da hedimastoci ke aikowa suka daina buɗuwa a tawa. Wanda na mayar musu kuma aka ce ba haka ake so ba. Da wannan aikin nake ciyar da yara, ga shi ya fara komawa wani shago a bakin tasha.

Abokin marigayi ne ya zo dubawa, wani Kirista mutumin Filato da suka yi shekaru a ofis ɗaya. Tunda ina takaba, a zaure ya zauna, ni ina bayan asabari, surukata Inna tana kai kwamfutar tana dawowa da ita kamar kwanon tuwo.

"Matar abokina," ya ce, "wannan tsohuwar taku ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan. Sabon tsarin nan ci gare shi."

"To ka ƙara mata mana," in ji Inna. "Ni ma tawa ta yi kaɗan, ka ƙara mini."

Ya yi dariya. "Inna, taki ai ta fi ta ofishinmu duka."

Ya ce yana da wata irinta da gilashinta ya fashe, zai ciro ƙwaƙwalwarta ya dasa. Za ta ɗauka, amma da ƙyar. Matsalar ita ce ma'ajiyarta ba za ta riƙe tsohon tsari da sabo tare ba. Dole a share komai.

"Komai?" na ce.

"Komai da komai."

Layin nan ya faɗo mini a rai. Inna ba ta iya karatun boko ba, ba ta san akwai wani layi ba, sai ta ce in ba shi kawai. Shi kuwa ya riga ya kunna ta a zaure, ya gani. Na ji ya gyara murya.

"Ba sauri," ya ce.

Na ce a bari in fita takaba. Inna ta ce na'ura ba ta takaba, yara kuma cin abinci suke yi. Gaskiya ta faɗa. Jarrabawar zangon nan gaba ɗaya ta wuce ni, wani hedimastan ma bai sake dawowa ba har yau. Muka ci abin da 'yan'uwa suka kawo. Ban taɓa gaya wa Inna dalili ba, ita ma ta gaji ta daina tambaya.

Ranar da na fita, bayan na yi wanka na zaga dangi, na naɗe kwamfutar a zane na kai masa ofis da kaina. Ya kwance ƙusoshin bayanta, ya dasa abin da zai dasa, ya jera faya-fayai a kan tebur. Kafin ya sa na farko ya dakata.

"Zan iya sake rubuta layin nan a sabon," ya ce, bai ɗago kai ba. "Yadda yake, harafi da harafi. Ba za ki ga bambanci ba."

Na dubi hannunsa a kan maɓallan. Hannun mutumin kirki ne, wanda ya ɗauki makarar maigidana tare da mutanen unguwarmu har maƙabarta. Amma duk safiya zan san wanda ya buga.

"A'a, Malam," na ce. "Na gode. Ka share."

Ta yi mini aiki shekaru bayan nan. Tana daɗewa kafin ta tashi, tana ƙara kamar mai nishi, don haka na saba in kunna ta in fita tsakar gida in hura wuta, sai ta gama in dawo.