Gudumar da ke Ƙarƙashin Kujera

Motar mijina tana da ranakun da take ƙin tashi, kuma ba ta taɓa nuna alama kafin ta yi ba. Tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, ya saye ta bayan ya bar soja mun dawo gida Zuru. In ta tashi, babu tudun da ba ta hawa, babu laka da ke riƙe ta. In ta ƙi, sai ka murɗa makulli ka ji ƙat, shi ke nan. Fitila na kamawa, hon na kuka, inji ya yi gum.

Abin haushin, a gaban bakanike ba ta taɓa yi ba. Saja, haka kowa ke kiran mijina har ni, zai kai ta gareji ransa a ɓace, bakanike ya taɓa makulli ta tashi kamar sabuwa. Wani ya ce batir ne, aka canza. Wani ya ce makullin ne, aka canza. Na ƙarshe ya ce kik ne, wato ƙarfen da ke tayar da inji, yake maƙalewa, in ta ƙi a ɗan buga masa ƙarfe. Saja ya gwada, ta tashi. Daga ranar ya ajiye ƙaramar guduma a ƙarƙashin kujera.

Aikin ya zama na mutum biyu. Shi ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ni in zauna a kujerar direba da ban iya komai a kanta ba sai murɗa makulli. Zan ji ƙwan, ƙwan, sannan muryarsa daga ƙasa: "Murɗa!" Wata rana bugu ɗaya ta tashi, wata rana sai ya fito fuska duk baƙin mai yana zaginta da yaren bariki. Mun yi haka a ƙofar coci da kayanmu na Lahadi, mun yi a tsakiyar kasuwa mutane na dariya. Na tsani motar nan, kuma ban ɓoye masa ba.

"Saja, ka sayar da wagga aba tun ba ta kashe mu ba."

"Maman yara, ta fi ki haƙuri," in ji shi. "Ita in na buge ta ba ta ramawa."

Yana da wata dabara kuma. Duk inda ya je a kan gangara yake ajiye ta, hanci ƙasa, ya sa wa taya dutse. In guduma ta gaza sai a cire dutsen ta gangara ta tashi. Ƙasarmu ba ta rasa tudu.

Gonarmu ta dawa tana wajen Manga, a cikin kwari. Kakar wata shekara bayana na ciwo, don haka maimakon ya bar motar a kan tudu mu yi ta hawa da dammuna a ka, sai ya sauko da ita har tsakiyar gona, inda ƙasa take shimfiɗe da yashi. Don ni ya yi. Daga ni sai shi sai tsofaffin mata biyu da ke taya mu yankan kan dawa.

Da hantsi ya sa hannu zai ɗaga dami, kububuwa ta sare shi a tsintsiyar hannu. Bai yi ihu ba. Ya kashe ta, ya ɗaure hannun da igiyar buhu, ya ce in shiga mota. Ya murɗa makulli. Ƙat.

Mun tura, mu mata uku, taya ko motsi ba ta yi ba a yashin. Waya ba ta kamawa a wajen a lokacin. Ɗaya tsohuwar ta kama hanyar ƙauye neman mai babur, Saja kuwa ya jawo guduma ya shige ƙasa da hannu ɗaya.

Ƙwan, ƙwan. "Murɗa!"

Ƙat.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da na sani, bugun yana ta rage ƙarfi, tsakanin wannan da wancan yana ƙara nisa. Ina murɗawa ina roƙon Yesu da duk bakin da na iya. Can na ji bugu ba tare da murya ba. Na sauko na leƙa, na ga jini na fita daga dasashinsa, hannun ya kumbura har gwiwa. Na karɓe gudumar na shiga da kaina, ya rarrafa ya hau kujera. Na bugi ƙarfen nan da duk haushin da na tara masa. Motar ba ta tashi ba.

Sai bayan azahar mai babur ya iso. Aka ɗora Saja a tsakiya, na riƙe shi ta baya har asibitin gari. Ya kwana, washegari ya cika. Na tambayi likita ko da mun iso da wuri da ya tsira, ya ce Allah kaɗai ya sani. Har yau wannan amsar ba ta bar ni na huta ba.

Bayan an gama makoki ƙanensa ya sa aka jawo motar, ya kira wani bakanike daga Dirin Daji. Mutumin ya wuni yana bin waya ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ya kira ni ya nuna mini wata waya mai kauri da ke haɗa batir da jikin mota. Ya yanke robar bakinta, ciki duk ya ci tsatsa ya zama kore, silin ƙarfe kaɗan suka rage.

"Mama, kik ɗinku lafiya lau yake," ya ce. "Wagga ce. In an yi bugu mota ta girgiza, wani lokaci ta haɗu, wani lokaci ta ƙi."

Ya sa sabuwa, ya ɗaure, ya miƙo mini makulli in gwada. Na hau kujerar na zauna, hannuna a kan makulli, ban murɗa ba. Sai da ya ce, "Mama, mi kike jira?" sannan na gane muryar Saja nake jira daga ƙasa.

Na murɗa. Ta tashi nan take.