Irin Doyar Ƙanena

Safiyar Asabar ce, a ƙarshen rani, ana jiran ruwan farko. Na kwana a gidan ƙanena Isiyaku, a wani ƙaramin ƙauyen manoma da ke cikin daji bayan Lambata. Ni malamin sakandare ne a Suleja. A ƙauyen aka haife mu duka biyu, amma shi ya riƙe noman mahaifinmu, ni na bi karatu. Abin da ya kai ni shi ne in shawo kansa ya ba ni ɗansa Shamsu, mai shekara goma sha shida, ya ƙarasa makaranta a wurina. Mahaifiyar yaron ta rasu tun yana goye. Su biyu ne a gidan.

Bayan sallar asuba Isiyaku ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna yana yanka irin doya. Kowane yanki sai ya tsoma shi a toka kafin ya jefa a buhu. Irin mahaifinmu ne. Bai taɓa sayen wani a kasuwa ba, kowace shekara daga amfanin bara yake warewa. Na sake ɗauko maganar makaranta. Ya ce in bari a gama shuka. Shamsu ya ɗora buhun a bayan babur, ya ɗaure shi da robar tsohuwar taya, ya ja, ya ƙara ja, ya ƙulla. Mahaifinsa ya yi dariya, ya ce wannan ɗauri sai an kira mahauci da wuƙa.

Rana ta ɗan ɗaga. Zabin maƙwabta ne suka fara kuka, gaba ɗaya. Sai ƙarar babura daga yamma, da yawa, ba irin ta masu zuwa gona ba. Sai harbi ɗaya, kamar an karya busasshen gora. Aka yi shiru. Sai harbin ya ɓarke babu tsayawa.

Wata mata ta wuce ƙofar gidan da gudu, kanta babu ɗankwali. Shamsu ya taka babur, ya tashi a bugun farko. Isiyaku ya kama robar yana neman ƙullin. Bai kwance ba. Wuƙar tana kan tabarma, a can tsakar gida. Ya dubi tabarmar, ya dubi ƙofa. Muryoyin sun riga sun iso bayan katanga.

"Hau, Yaya!"

Na tsaya. Ya tura ni da hannu biyu. Na sami kaina a matse tsakanin yaron da buhun. Wurin mutum na uku babu.

"Shamsu, ja! Kada ka waiwayo!"

Yaron ya ja. Muka bi ta bayan rumbuna, muka faɗa hanyar ƙafa da ke ratsa gonaki. Ƙaya ta yage mini hannun riga. Mun wuce wani tsoho yana jan akuya, ya ƙi sakin igiyar. Mun wuce mata uku kwance a cikin kwari, sun toshe bakin 'ya'yansu da zane. A busasshen rafi tayar ta nutse a yashi. Na sauka na tura, na sake hawa. Ban tuna da kwance buhun ba a lokacin, kuma ko na tuna, ba mu da abin yanka. Daga can na ga hayaƙi ya miƙe a saman ƙauyen, baƙi daga ƙasa, fari daga sama. Ƙarar harbin ta yi nisa, ta koma kamar ana sassaƙa a wata unguwa.

Hantsi ya yi zafi lokacin da muka hau kwalta kusa da Lambata. Masu sayar da doya a bakin titi suka taso mana. A nan na lura ƙafata ɗaya babu takalmi. Shamsu ya kasa sakin kan babur ɗin. Wani direba ne ya ɓamɓare masa yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Muka zauna a inuwar wata rumfa muna kallon bakin hanyar dajin. Mutane suna fitowa, biyu-biyu, uku-uku. Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Isiyaku bai fito ba.

Washegari wani maƙwabcinsa da ya tsira ya kira ni a waya. Ya ce ya ga Isiyaku da idonsa, kwance a ƙofar gida, daidai inda babur yake tsayawa. Ya ce 'yan sa-kai da dattawan da suka rage sun yi wa mamatan salla, sun rufe su cikin gaggawa a rami ɗaya mai tsawo, don tsoron kada maharan su dawo. Daga nan kowa ya watse. Har yau babu mai kwana a ƙauyen, kuma babu mai babur da zai yarda ya kai ka. Muka yi zaman makoki a gidana da ke unguwar Chaza a Suleja, ba gawa, ba kabari.

Shamsu bai yi kuka ba. Yana gaida masu ta'aziyya yadda ya kamata, yana amsa addu'a. Da jama'a suka ɗauke ƙafa sai ya daina cin abinci sosai. In babur ya wuce layinmu da ƙarfi, sai ya miƙe tsaye. Na sa shi a makaranta, kamar yadda na nema tun farko. Malamin ajinsu ya ce mini yaron yana zuwa, amma ba ya nan.

Ba zan ce bai nemi sauƙi ba. Shi da kansa ya roƙi in kai shi wurin limamin unguwarmu. Liman ya yi masa rubutu, ya koya masa addu'o'in da ake yi wa iyaye, ya sha, ya haddace. Na kai shi asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, mai haƙuri ƙwarai, ta zauna da shi ta yi ta tambaya, yana ba ta amsa da kalma ɗaya-ɗaya. Da za mu fito ta ja ni gefe. Ta ce magani zai sa shi barci ne kawai, in nema masa aikin da hannunsa ya saba da shi.

Buhun yana jingine a bayan ɗakin girki, da guntun robar da na yanke a jikinsa. Matata ta taɓa cewa a duba ko akwai na dafawa a ciki kafin ya lalace. Shamsu ya ɗauke buhun ya kai ɗakin da yake kwana. Don haka da na ce masa ya shuka, na ga fuskarsa ta motsa a karon farko.

Zafi ya riga ya cinye yawancin irin, tunda a yanke yake. Ya tsince mai rai. Filin bayan gidan ƙarami ne, tsakanin katanga da tankin ruwa. Ya aro garma, ya tara ƙasa tsibi bakwai. Ya binne irin, ya ɗora wa kowane tsibi busasshiyar ciyawa, ya kafa sanda a gefe don yaɗo ya hau. Aikin mahaifinsa sak. Ruwan farko ya sauka a makon. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Na yi wa Allah godiya, na ɗauka mun sami hanya.

Wata safiya na dawo daga masallaci na zagaya baya. Na same shi durƙushe, ya tona tsibi ɗaya da hannu, yana riƙe da yankin doyar. Ɗan farin tsiro da ya fara fitowa ya karye a yatsansa.

"Shamsu, me kake nema?"

"Dubawa kawai nake, Baffa. Ko yana nan."

"Ina zai je?"

Ya mayar da shi, ya rufe, ya daddale ƙasar da tafin hannu.

Yaron nan a gonar doya ya girma. Ya fi ni sanin cewa abin da aka binne ba a tona shi. Na faɗa masa duk da haka, ya ce to. Bayan kwana biyu na ga ƙasar wani tsibin sabuwa ce. Na yi faɗa, na yi lallashi. Wata rana da na matsa, ya ce da ni, ba tare da ya ɗaga kai ba: "Baba ma cewa aka yi an rufe shi. Ni ban gani ba."

Na juya na koma cikin gida. Na yi shekaru ina tsayawa gaban yara ina ba da amsa. Na kan tambayi kaina ko buhun ne ya zauna a wurin Isiyaku, ko ni ne. Ban san wanne yaron yake gani ba in ya dube ni, kuma ban yi ƙarfin halin tambayarsa ba.

Irin tsibi shida suka ruɓe, ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai, na jikin katanga, bai taɓa shi ba. Da la'asar yakan ɗauko benci ya zauna kusa da shi, ya danne hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Yanzu damina ta yi nisa. A gonakin da ke hanyar Lambata yaɗon doya ya rufe sanduna, ya fara zubowa. Na rasa ƙane ɗaya, shi kaɗai gare ni. Na rasa sanin inda zan tsaya in yi masa addu'a. Irin da mahaifinmu ya bari ya ƙare a bayan ɗakin girkina, saura yanki guda a cikin ƙasa. Sandar da ke gefensa tana nan tsaye, babu ganye ko ɗaya a jikinta. Shamsu bai tona ba. Ni ma ban ce ya tona ba.