Kwanon da Kuka Ware wa Mushe Isufu

Da safen nan ina shirin tafiya lakwal, makarantar da nake koyarwa, waya ta yi ƙara. Zuwaira ce, matar Mushe Isufu, daga Bande. Ta ce, "Laminu, yayanka ya tafi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama share hawaye ba na buɗe waya, sai ga hotonsa ko'ina. "Mutumin kirki." "Bande ta yi rashi." Kuma masu ɗora hoton su ne 'yan majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji. Wallahi raina ya ɓaci, kuma yau sai na faɗa.

Ga wanda bai san shi ba, Mushe Isufu malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe. Ranar da aka fara turo ni Bande koyarwa ban san kowa ba. Shi ya ɗauki jakata a motonsa, wato babur, ya kai ni ɗakin zaurensa na zauna har na sami haya. Da magariba ya ja hannuna zuwa majalisa, inda kowane magidanci ke fito da tuwon gidansa a haɗa a ci tare. Ya ce, "Nan baƙo ba ya kawo kwano, hannu kawai yake kawowa."

Ciwon ya fara ne da ɗan ƙullutu a gefen wuya, ba zafi ba ƙaiƙayi. Mun yi ta tsokanarsa cewa ƙiba ce ta rasa inda za ta fito. Da abin ya girma ya je Damagaram, aka yanki kaɗan aka yi analiz, wato gwajin asibiti. Aka ce sankarar fata ce, wata iri da ba a cika gani ba.

Ya dawo da murnarsa, ku ji fa, da murna. Ya zauna a majalisa yana bayani irin na malamai. Ya ce ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo, ku ƙaru, ku tsaya. To akwai wani birus, wato ƙwayar cuta, da ke zaune lafiya a fatar yawancin mutane, a jikinsa ne kawai ya shiga ya toshe saƙon tsayawar. Likita ya ce masu irin wannan sun fi samun sauƙi da magani, ko da yake tasa ta riga ta kai kaluluwa. Ya kuma ce ba a ɗaukar ciwon a hannu ko a kwano.

Duk wannan bayanin kun ji shi. Amma tsoro kawai kuka ɗauka kuka kai gida.

Washegari aka fara matsawa daga tabarma. Daga nan aka ce a riƙa zuba wa Mushe nasa daban, wai don ya sake. Mutumin da ya koya wa 'ya'yanku karatu! Kuka hana matanku sayen man gyaɗa da ƙuliƙulin Zuwaira, sana'ar da take riƙe gidan da ita yana kwance.

Lokacin an riga an mayar da ni Guci. Da hutu ya zo na hau moto na je. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya rame, ga tuwo a kwano an ɗaura wa murfin jan zare don kada ya haɗu da na mutane. Daga nan zauren ana jin dariyar majalisa.

Na wanke hannu na sa a kwanon. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai Laminu, har yanzu lomarka ba ta ragu ba."

Muka cinye tas. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Wuyan nan ba ya damuna sosai, ƙanena. Magariba ce ke damuna."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Na san ajali ne, ba ku kuka kashe shi ba. Amma ku kuka sa ya ƙarasa kwanakinsa yana cin tuwo da bango. Yanzu kuma na ji har an fara tambaya ko za a ci abincin zaman makoki in daga tukunyar Zuwaira ya fito. Haba jama'a! Matar nan tana da marayu a gabanta, kuma man gyaɗan nan shi ne abincinsu. Ku bar hoton, ku je ku saya.

Ya Allah Ka gafarta wa Mushe Isufu, Ka sa ciwon nan ya zama kaffara, Ka zaunar da shi cikin mutanen da ba za su matsa daga tabarma ba. Ka rufa wa Zuwaira da yara asiri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Gobe ina Bande in sha Allahu. Na ce wa Zuwaira ta zuba mini tuwo a kwanon nan mai jan zare, ta aiko ƙofar gidan Alhaji. Wanda ya rubuta "mutumin kirki" ya zo ya wanke hannu.